Sauran Minti Arba'in

"Lafiya lau muka tashi, Tsoho. Ya ƙarfin jiki? Ko da yake ban san me ya sa nake tambayar abin da babu ba."

"Wa nake ji kamar Tsinke? Matso gaban fitila in gan ki. Kin san in kika tsaya a kaikaice sai in ɗauka iska ce ta buɗe ƙofar."

Ina jin haka na ɗage ƙafata daga kan keken ɗinki. Shagona da na mai gyaran agogo katako ɗaya ne ya raba, kuma akwai wata 'yar taga a jikinsa da muke miƙa wa juna almakashi da ruwan sha. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jin duk abin da ake faɗa a can. Ba gulma ba ce, katakon ne ba shi da kauri. Amma duk ranar da jikarsa ta zo, gaskiya ko bangon siminti ne sai na kasa kunne, don in suka haɗu babu mai raga wa wani.

Shi tsohon, mutanen kulob ɗin wasansu Alƙali suke ce masa, saboda ya yi shekara talatin yana alƙalancin wasan ces, darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki. Ita kuwa 'yar 'yarsa ce, tana aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, kuma shi ya koya mata wasan tun tana tauna kawunan sojojin katako. Sau uku a jere tana ɗaukar kofin rukunin mata. Duk shekara shi ke karɓo fom ɗin gasa ya cike mata da rubutunsa, ita sa hannu kawai take yi. Bana ta gaya masa, a gabana ma, cewa ya sa ta a rukunin kowa da kowa, inda kusan duk maza ne. Ranar nan ƙarfe goma sha biyu za a rufe karɓar fom, ga shi ta shigo da farar rigar aiki goma da rabi ta gota.

"Wai ƙarfe nawa ne a shagon nan, Tsoho? Wancan ya ce uku, wancan ya ce bakwai saura, na kan ƙofa kuma ya ce ya gaji."

"Marasa lafiya ne, layin likita suke bi. Ke a asibitinku masu lafiya ne ke zuwa?"

"Mu dai in mutum ya kwana biyu muna sallamarsa. Wancan mai tsuntsun tun ina firamare yake kwance."

"Shi ya ƙi tafiya. Ya ce bai taɓa ganin mai kyan hannu irina ba."

"To mai kyan hannu, miƙo fom ɗin. Rabin awa aka ba ni."

Na leƙa ta tagar. Ya ture farantin ƙananan kusoshi gefe, ya zaro takardar daga ƙarƙashin wani agogon tebur, ya shimfiɗa mata, amma babban yatsansa yana danne a tsakiyarta kamar wanda ke tsoron iska ta ɗauke. Tun daga nan na san akwai magana.

"Sa hannu a nan ƙasa. Kar ki tsaya karatu, kin makara."

"Ɗaga yatsan."

"Ciwo yake yi, likita ya ce in riƙa danna shi a kan takarda."

"Wane likitan? Ɗaga, ko in ɗebi jininsa in gwada."

Ya ɗaga. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ja kujerar baƙi ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya. Da na ga ta zauna na san rabin awar nan ta tafi ke nan.

"Tsoho, me na ce maka ran Juma'a?"

"Kin ce in daina shan shayi da sukari."

"Bayan wannan."

"Kin ce na fi duk samarin da ke zuwa wajenki kyau."

"Na ce ka sa ni a rukunin kowa da kowa. Me alamar nan take yi a akwatin mata?"

"Au, can ta faɗa? Idon tsufa ke nan. Ni yanzu akwati biyu in suna kusa, ɗaya nake gani."

"Idon da ke ganin kusar da ba ta kai ƙwayar gishiri ba? Jiya ka hango ni daga bakin titi ka ce ɗankunnena ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

"Wannan kishi ne ya buɗe min ido. Na ɗauka wani ne ya saya miki."

Ta yi dariya ba da son ranta ba, shi kuwa ya samu ƙofa, ya gyara zama ya maƙala gilashin aikinsa mai ƙara girman abu a goshi.

"Saurara, Amarya, in gaya miki gaskiya. Kin taɓa ganin mazan rukunin can? Akwai wani in ya zauna tebur ɗagawa yake yi. Akwai mai girgiza ƙafa har sojoji su riƙa tafiya da kansu. Akwai wanda in ya zuba miki ido sai kin manta sunanki. Ke da iskar fanka ke kaɗawa, ina za ki kai su?"

"Teburin za mu ɗauka a ka, ko sojan za mu tura? Sojan nan bai kai nauyin cokalin shayi ba. Ka taɓa jin an ci sarki da damtse?"

"To me ya sa a gudu ake rabawa? A dambe ake rabawa? Ni da kike gani, a zamanina in na zura da gudu sai na isa in dawo in tarar ba a gama busa usur ba. Wace mace ce za ta bi ni?"

"Kaka ta bi ka. Ta ce da tsintsiya ta kamo ka a bakin ƙofa."

"Tsayawa na yi don girmamawa."

"Gudu da dambe ai ƙashi da tsoka ne, Tsoho, can a bar masu awo su auna, ni ban ce kome ba. Amma nan zama ake yi. Kai da kanka ka ce min allo bai san wanda ke zaune a bayansa ba."

"Ni na faɗi haka?"

"Ina 'yar shekara tara."

"To ba na cikin hayyacina. Yaro bai kamata ya riƙe duk abin da babba ya faɗa ba, rashin kunya ne."

Ya juya fom ɗin ya nuna mata bayansa, inda aka ƙara wani sabon shafi bana a kan wanda ya cancanci shiga rukunin mata.

"Dubi nan ma. Rukunin matan yanzu ne yake bukatarki. Kin san kwamiti sun zauna sau uku a kan Mai Hoto?"

Mai Hoto na sani, don shagon ɗaukar hoto ne da ita a ƙarshen layinmu. A namiji aka rubuta ta a takardar haihuwa, a rukunin kowa da kowa ta yi shekaru tana wasa, yanzu kuma a mace take rayuwarta, ta canja takardunta, ta nemi shiga rukunin mata. Wasu iyaye suka ce in aka sa ta za su janye 'ya'yansu, wasu suka ce hana ta zalunci ne. Kwamiti suka ce ta dakata tukuna.

"Na sani. To sai me?"

"In aka bar shi, in aka bar ta, kin ga har yanzu bakina bai saba ba. In aka bar ta ta shiga, wa zai tsare kofin?"

"Ni maigadi ce? Na buga da ita sau huɗu, na ci uku. Na huɗun ma ba ƙarfi ta fi ni ba, doki na bari a banza ina tunanin abin da zan ci da rana. Ba a tambaye ka ba a kwamitin?"

"An tambaye ni."

"Ka ce me?"

"Na ce ni agogo na sani. Na ce masu tsoro ba ƙarya suke yi ba, ita ma ba don ta ƙwace wa kowa kome ta zo ba, don na san ta tun ba ta iya riƙe doki ba. Na ce ko me za su yanke, su kira ta su gaya mata a zaune, kada su bar mutum tsaye a bakin tebur da takardu a hannu ana kallonsa."

"Ka ga, in ka ga dama kana da hankali. To ni ma kada ka bar ni tsaye. Gyara."

"Ba a gyarawa. Fom ɗaya ake ba mutum."

Ta miƙa hannu za ta ɗauki biro, sai gwiwar hannunta ta ture agogon teburin nan, wata takarda ta leƙo daga ƙarƙashinsa. Tsoho ya kai hannu, amma ta riga shi. Na ga ta karanta, na ga bakinta ya buɗe a hankali, ta juyo ta kalli tagata.

"Mai ɗinki, kina ji ai? Zo ki ga abin mamaki. Tsoho ya cike wa kansa fom. Bana ba alƙali ba ne, ɗan wasa ne, kuma a rukunin kowa da kowa."

Na ce ni ba na jin kome, aiki nake yi. Duk muka san ƙarya nake yi.

"To laifi ne? Sau ɗaya dai kafin idon ya tafi da gaske."

"Ba laifi ba ne. Amma yanzu na gane. Tsoro kake ji a haɗa mu, in cinye ka a gaban mutanen da ka yi shekara talatin kana gaya musu babu wanda ya taɓa cin ka a gidanku."

"Kuma babu."

"Shekara uku ke nan rabonka da ka ci ni."

"Bar miki nake yi. Miji na gari ba ya cin matarsa a wasa, sai a hana shi abinci."

"Ran Lahadi ma bar min ka yi, da ka ce kyanwa ce ta taka allon?"

"Ta taka."

"Ba mu da kyanwa."

"Ta maƙwabta ce. Tana da sauri."

Na toshe bakina da ƙyallen da nake ɗinkawa. Na zaci zai ci gaba da kame-kamensa, don ya iya borin kunya kamar me. Amma wannan karon bai yi ba. Ya cire gilashin daga goshinsa ya ajiye, ya taka kujera, ya sauko da wani abu daga saman kanta, nannaɗe cikin tsohon tawul. Da ya warware sai ga agogon wasa na katako mai fuska biyu, irin wanda in ka tura ɗanka ka danna, lokacinka ya tsaya, na abokin karawarka ya fara tafiya.

"Kin ci ni, ki cinye ni a gaban duniya, wallahi ko a jikina. In an yi dariya in ce ni na koya miki. Ba wannan ba ne." Ya juya mata fuskar agogon. "Karanta min ɓangaren hagu."

"Saura minti arba'in."

"Na uwarki ne. Tana da shekara goma sha bakwai, lokacin babu wani rukunin mata, ita kaɗai ce a cikin maza sittin. A zagaye na uku ta matse wani babban mutum, saura kaɗan ta gama da shi. Sai ya miƙe ya ce shi ba a haife shi don yarinya ta wulaƙanta shi ba, ya share allon da hannu. Ɗakin ya ɗauki dariya. Ba shi suke yi wa ba, ita suke yi wa, tana durƙushe tana tsince sojoji a ƙarƙashin tebur. Ni ne alƙali. Ni na tsayar da agogon nan da hannuna, na ba ta wasan kamar yadda doka ta ce. Ta ajiye sojojin a kan tebur ta fita, kuma daga ranar ba ta ƙara taɓa allo ba."

Jikar ta zuba wa agogon ido. Ni kuwa tausayinsa ya kama ni, don na san 'yar tasa, tana kawo min ɗinki, ban taɓa sanin ta iya wasan ba.

"Shekara biyu ina bin kwamiti kafin su yarda a buɗe rukunin mata. Da yara huɗu muka fara, yanzu sun haura arba'in. Ban buɗe shi don kun gaza ba, Tsinke. Na buɗe shi don kada a sake korar min wata. Yanzu ke kuma kin ce in ɗauke ki da hannuna in mayar cikin ɗakin can."

Ta jawo kujerarta kusa da shi, muryarta ta sauka, amma ba ta ja da baya ko taku ɗaya ba.

"Ba rushe shi zan yi ba, Tsoho. Ba don shi ba da ban kai nan ba, na sani. Yaran da nake koya wa ran Asabar suna nan, ba zan bar su ba. 'Yar mai burodi ma ta gaji da zuwa ta biyu, a bar ta ta ɗanɗana kofin. Amma ni na gama abin da zan koya a can. Kuma Mama ta san da maganar."

"Ta sani?"

"Ita ta fara kawo ta. Ba ta ba ni labarin nan ba, cewa kawai ta yi akwai wata kujera a ɗakin da take so in zauna mata a kai. Sai yanzu na gane."

Ya daɗe yana shafa gefen agogon da yatsa. Na tabbata ya riga ya sauka, amma tsohon nan ko a bakin rami yake sai ya nemi abin riƙewa.

"Ko da na yarda, alama ta riga ta hau. Ni ba na karya doka. Abin da aka rubuta ya rubutu."

"Ba ka karya doka?"

"Tambayi kowa."

"Miƙo gilashin nan naka."

Ta maƙala shi a ido yadda yake yi, ta sunkuya a kan fom ɗin, ta jawo fitila. Can sai na ga kafaɗunta suna rawa don dariya.

"Tsoho, wace doka ce ka fi tsanantawa a shekara talatin ɗinka?"

"Duk ɗaya suke a wajena."

"A'a. In ka taɓa ɗa, sai ka tura shi. Ba kai ne ka tilasta wa malaminka ya tura sarauniyarsa aka cinye ba, don ɗan yatsansa ya shafe ta? Ba kai ne ka sa ni kuka ina 'yar shekara bakwai ba, ka ce hannu ba ya fasawa?"

"Haka dokar take. Me ya kawo wannan?"

"Ga ɗigon biro nan a tsakiyar akwatin kowa da kowa. Nan ka fara ɗora bakin biron, sannan ka ɗage ka kai na mata. Ka taɓa, Alƙali. Sai ka tura."

"Ƙuda ne ya yi kashi."

"Shuɗi? Mai ɗinki, zo ki zama shaida."

Wannan karon ban yi wata-wata ba, na zagayo. Ta maƙala min gilashin, na duba. Ɗigo ne sosai, har takardar ta ɗan lotsa, alamar biron ya jima a wurin kafin a ɗage shi. Na ce, "Alƙali, ka yi haƙuri, wannan taɓawa ce, kuma ba ta wucewa ba ce. Hannunka ya tsaya a nan yana tunani."

Ya kalle ni ya ce shekara goma sha ɗaya yana ba ni ruwan sha, ashe maciyar amana yake shayarwa. Sannan ya karɓi gilashin ya duba da kansa, ya jinjina kai, dariya ta ƙwace masa har sai da ya share ido da bakin hannun riga.

"Hannun ya fi mai shi gaskiya. Shi ke nan, an kama Alƙali da dokarsa."

Ya ɗauki biron ya soke alamar farko da layi ɗaya, ya ɗora sabuwa a kan ɗigon, ya sa hannu a gefe da kwanan wata yadda ake yi in an yi gyara. Ta sa nata hannun a ƙasa. Ya haɗa fom ɗin biyu ya miƙa mata, sannan ya tura mata agogon.

"Ɗauki. Duk shekara ina buɗe shi in sa masa mai, ban taɓa danna shi ba. Uwarki tana da sauran minti arba'in. Je ki ƙarasa mata."

Ya kai yatsa ya danna don ya nuna mata yana aiki, ɓangaren hagu ya fara bugawa tsaf, kamar jiya aka tsayar da shi. Ta yi maza ta dafe maɓallin.

"Kar ka ɓata mata lokaci, Tsoho. Sai ranar."

Ta nannaɗe shi cikin tawul ɗin ta rungume, ta kai bakin ƙofa, sannan ta juyo, idonta jawur amma bakin nan nata yana nan yadda yake.

"To in aka haɗa ni da kai fa?"

"Sai in bar miki kamar kullum."

"Babu kyanwa a kulob, ka sani."

"Zan zo da tawa," in ji shi, yana dariya yana kora ta da hannu. "Yi sauri, sha biyu ta kusa. Kar ki duba na bango, duk maƙaryata ne."